TSOFAFFIN BINDIGOGIN YAƘI: YADDA ZA A TATTARA SU A KIYAYE SU

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi ne domin hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malaman da ke riƙe musu littattafai. Abin da ya jawo shi kuwa shi ne, a gidajen sarauta masu yawa, da gidajen Sarakunan Bindiga, da na zuriyar barade da tsofaffin soja, akwai bindigogin da suka ga yaƙi, an jingine su a lungun zaure ko an cusa su ƙarƙashin gado, shekara tana bin shekara ba wanda ya waiwaye su. Kowace damina tsatsa tana cin nata, gara tana cin nata, dattawan da suka san labarinsu kuma suna ƙarewa. Ma'aikacin gidan tarihi ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin ɗakin mutum a ƙauye. Hakimi ne ke da ita, gama shi dagatai da masu unguwa ke kawo wa labari, shi ne kuma wanda in ya aika a tambaya ba a cika ɓoye masa ba.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tun cikin ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka koya wa harbi, limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensu. Tarihin Kano ya nuna an shigo da bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare Sarki. Amma fa ba su da yawa. Sa'ad da Kyaftin Clapperton ya tarar da rundunar Sarkin Musulmi Bello tana yaƙar Gobirawa a Konya cikin 1826, mayaƙa dubbai ne, bindigogin da ya ƙidaya kuwa ba su kai 50 ba. Doki da mashi da kibiya su ne makaman yaƙin lokacin.

Sai bayan tsakiyar ƙarni na 19 bindiga ta yawaita. Etsu Masaba na Nufe, wanda ya rasu a 1873, ya sami masu yawa daga Turawan ciniki na kogin Kwara. Sarkin Damagaram Tanimu ya sayo ta hanyar Hamada, har ya sa ana ƙera igwa, ana haɗa albarushi a cikin birninsa. Sa'an nan Rabe ya zo daga gabas, ya ci Barno a 1893, ya zauna Dikwa da runduna wadda ƙarfinta duka bindiga ce. Da Faransawa suka kashe shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900, suka kuma kashe ɗansa Fadlallah a Gujba cikin 1901, mutanensa suka watse, bindigoginsu suka watse tare da su.

Akwai wani dalili da ya sa bindigar soja ta ainihi ke da wuyar samu a nan, alhali bindigar toka ta cika ko'ina. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels, suka hana sayar wa mutanen yawancin ƙasashen Afirka bindigogi na zamani masu ɗuri ta gindi, suka bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sabo da haka, sa'ad da rundunar da Gwamna Lugga ya kafa a 1897 ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato ran 15 ga Maris, har zuwa Burmi ran 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, makaman ɓangarorin biyu ba su yi kusa da juna ba. Bayan haka Turawa suka karɓe bindigogi masu yawa. Wadda ta tsira har yau, lalle akwai wanda ya ɓoye ta, ko ya kwaso ta ganima, ko aka ba shi kyauta. Wannan labarin shi ne abin nema, ya fi ƙarfen da itacen daraja.

Yadda ake gane su

Bindigogin da za a tarar iri biyu ne manya. Akwai masu ɗuri ta baki, watau waɗanda ake zuba musu albarushi ta bakin bututu, a danna da sandar ƙarfe. Cikinsu akwai mai ƙanƙara, akwai mai 'yar hular tagulla wadda kunama ke buga wa. Turawa suna kiran doguwar ta kasuwa da sunan Danmak, domin 'yan cinikin ƙasar sun sayar da ita a bakin teku, amma yawancinsu a Birmingham ta Ingila ko Liège ta Baljiyam aka ƙera su. Maƙeran ƙasar nan kuma sun ƙera nasu, har yau suna ƙerawa.

Iri na biyu su ne masu ɗuri ta gindi, waɗanda ake sa musu harsashi mai kwanso, cikin bututunsu kuma akwai tsagi mai murɗewa wanda ke sa harsashi ya tafi sak. Su ne bindigogin soja. Snider, wadda Ingila ta soma a 1866, tana da murfi a gindin bututu mai buɗewa gefe kamar ƙyaure. Irinta sojan Kamfanin Kwara suka riƙe a yaƙin Bida cikin 1897. Martini-Henry ta 1871 tana da mariƙi a ƙarƙashi, in an ja shi ƙasa sai gindin ya buɗe. Gras ta Faransa, ta 1874, tana da sakata a sama, harsashi ɗaya take ci. A wajen Barno da kan iyakar Nijar aka fi sa ran ganinta. Remington, wadda sojan Masar suka riƙe, ita ma tana iya fitowa a inda mutanen Rabe suka zauna. A Adamawa kuwa ana iya tarar da Mauser ta Jamus, gama Jamusawa sun riƙe Garwa har Yuni 1915, da dutsen Mora har Fabrairu 1916. Ta ƙarshe ita ce Lee-Enfield, mai lamba .303, mai gidan harsashi 10, wadda sojan ƙasar nan suka yi yaƙin Bama da ita.

Malami ba ya bukatar ya haddace waɗannan sunaye. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya kwafi kowane harafi da kowane hatimi da ke jikin bindiga daidai yadda yake, ko bai gane ma'anarsa ba. A gefen dama na Martini, misali, akan ga kambin sarauta, ƙarƙashinsa V.R., sa'an nan sunan Enfield da shekara. V.R. ɗin Sarauniya Victoria ce, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. E.R. kuwa ɗanta ne, daga 1901 zuwa 1910. G.R. yana bukatar lura: a jikin Lee-Enfield yana nufin bayan 1910, amma a jikin mai ƙanƙara yana nufin sarakunan da suka yi mulki daga 1714 zuwa 1830. Wata alama mai kama da sawun tsuntsu, watau kan kibiya mai layi uku, tana nuna kayan Gwamnatin Ingila ne; in an ga biyu sun haɗa kai, to an sallame ta daga aikin soja an sayar. Haruffa ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai hatimin gwajin Liège ne. A jikin ta Faransa akan ga sunan maƙerar, St Etienne ko Châtellerault ko Tulle, da Mle 1874.

A nan akwai tarko biyu ko uku. Mle 1874 shekarar da aka fito da samfurin ce, ba shekarar da aka ƙera wannan bindigar ba; ita wannan tana can a jikin bututu. Shekarar da ke jikin Snider sau da yawa ta riga 1866, domin tsohuwar bindiga mai ɗuri ta baki ce aka juya. Kalmar TOWER kuma, wadda asalinta alamar bindigar Gwamnatin Ingila ce, 'yan kasuwa sun riƙa buga ta a jikin bindigogi masu araha domin su yi tsada. Ashe ha'inci cikin ciniki ba yau aka fara shi ba.

Amfanin wannan karatu shi ne auna labari. In dattijo ya ce da wannan bindiga kakansa ya je Tabkin Kwatto a 1804, alhali a jikinta an buga V.R. 1875, to labarin ba zai yiwu yadda aka faɗa ba. Kada malami ya ƙaryata dattijo a gaban mutane, kada kuma ya gyara masa magana a takarda. Ya rubuta abin da aka faɗa, ya rubuta abin da ya gani, kowanne a layinsa. Sau da yawa labarin gaskiya ne, bindigar ce aka sauya, ko kuwa an haɗa kaka biyu an mai da su ɗaya.

Abin da doka ta ce

Tsufa ba ya mai da bindiga sanda. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda sai da iznin Shugaban Ƙasa ake riƙewa, kuma bindigar soja mai lamba .303 tana cikinsu. Na biyu su ne irin na farauta, lasin ɗinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Sabo da haka kada hakimi ya sa a kwaso bindigogi a tara masa a gida tun bai shaida wa Majalisar Sarki da babban jami'in 'yan sanda na yankinsa a rubuce ba. A wannan zamani na rashin kwanciyar hankali, mutumin da aka tare a hanya da bindiga cikin buhu ba shi da lokacin yin bayanin tarihi. Abin da ya fi shi ne a bar kowace a inda take, malami ya je ya rubuta ta, sa'an nan a yi shawara.

Akwai kuma dokar kayan tarihi. An fara kafa ta a 1953, shekara ɗaya bayan buɗe gidan tarihi na Jos, aka sabunta ta a 1979 sa'ad da aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Makamin da aka ƙera a ƙasar nan kafin 1918 yana cikin abin da ta tsare: ba a sayar da shi ga kowa sai wakilin da Hukumar ta amince da shi, ba a kuma fita da shi waje sai da takardarta. In dillali ya zo gari yana tambayar tsofaffin makamai, hakimi ya nemi ganin takardarsa. Kuɗin da yake bayarwa a ƙauye ba ya kusa da abin da zai karɓa a inda zai kai su, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Kafin a taɓa ta

Kowace tsohuwar bindiga a ɗauka tana da ɗuri, sai an tabbatar babu. Baƙin albarushi ba ya mutuwa don shekaru. In bai jiƙe ba yana iya tashi bayan shekara ɗari. Mutanen dā kuwa a ɗure suke ajiye bindiga, gama ba a san lokacin da hari zai zo ba. Hanyar gwada mai ɗuri ta baki mai sauƙi ce. A juya bakinta inda ba kowa, a zura siririn kara ko sanda a hankali har ya tsaya, a yi masa alama daidai baki, a zaro shi, a shimfiɗa shi a bayan bututu. In ƙarshensa bai kai ƙaramar ƙofar wuta da ke gindi ba, ya rage kamar inci ɗaya ko fiye, akwai abu a ciki. Daga nan aikin malami ya ƙare. Kada a leƙa bakinta, kada a ja kunama don gwaji, kada a kai ta maƙera a sa a wuta don a kwance ta. A rataya mata takarda, a kulle ɗakin, a kira masanin makamai na 'yan sanda. Tsofaffin harsasai da aka samu tare da ita su ma a rubuta yawansu a miƙa.

Babbar ɓarna kuwa a ranar Salla ake yin ta. Ba laifi 'yan bindiga su yi harbinsu a hawan daba da bindigogin da aka ƙera domin haka. Laifin shi ne a ɗauko wadda ta shekara 150 a cika ta da albarushi domin ta fi ta kowa ƙara. Ƙarfen da tsatsa ta ci daga ciki ba a ganin rauninsa daga waje, in ya fashe kuwa hannu da ido yake ɗauka, wani lokaci da rai. Mafi muni shi ne a fasa harsashin zamani a zuba garinsa a tsohuwar bindiga, gama albarushi marar hayaƙi, wanda Faransa ta fara sa wa sojanta a 1886, ƙarfinsa ya wuce abin da aka ƙera bututun ya ɗauka. In ana so bindigar kaka ta fita hawa, a saɓa ta a kafaɗa, a mai da ita ɗaki ba a harba ba. Sarkin Bindiga shi ya kamata a ɗora wa tsare wannan.

Kiyayewa

Abin mamaki, mai son bindiga yakan yi mata ɓarnar da ta fi ta wanda ya manta da ita. Sai ya sa yaro ya goge ta da yashi da toka, ko da sanfefa, ko ya kai wa mai walda ya bi ta da inji har ta yi fari fat, a shafa wa itacen fenti. Ta yi kyau a ido, amma hatimi ya tafi, shekara ta tafi, ba sauran abin karantawa. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai gari, mai kama yatsa, ita ce mai ci. Akwai kuma launin ƙasa-ƙasa mai santsi wanda shekaru suka shimfiɗa a kan ƙarfe. Wannan riga ce, a bar ta. Ja ɗin a ɗiga mata mai, a bar ta kwana biyu ko uku, a kankare a hankali da guntun itace ko ƙashi ko tagulla, abin da bai kai ƙarfen ƙarfi ba, a share da tsumma, a maimaita. Aikin haƙuri ne, ba na yini ɗaya ba.

Man keken ɗinki ya isa, kaɗan a tsumma mai tsabta, ciki da waje. Man gyaɗa da manja da man shanu ba su dace ba, gama suna tsami, suna danƙo, suna kiran ƙura da tururuwa. Kada man ya malala cikin itace, yana baƙanta shi ya sa shi laushi. Gidajen tarihi sun fi son wani farin kaki da ake samu daga man fetur, domin ba ya tsami. In za a samu a nema. Zufar hannu gishiri ce, sabo da haka duk wanda ya riƙe ƙarfen a share bayansa. Kusar da ta ƙi kwancewa a ƙyale ta.

Gyaran mutanen dā kuma kada a cire shi. Ƙirin da aka ɗaure tsagaggen itace da shi, da waya, da ƙusoshin tagulla, da wuri, da layun da aka ɗinke a gindi, su ne suka mai da bindigar Birmingham ta zama ta wannan ƙasa. A gidajen tarihi na Turai akwai Martini masu ƙyalli da yawa, amma wadda ke ɗauke da layar baraden Sarkin Ningi ko na Haɗeja a nan kaɗai za a same ta. Kada a buɗe laya don a ga abin da ke ciki. Abin da za a raba da bindiga shi ne kube na fata, domin jemammiyar fata tana riƙe laima, tana sa ƙarfe tsatsa, tagulla kuma ta yi kore. A ajiye kuben kusa da ita, a ba su lamba ɗaya.

Damina tana cin ƙarfe, hunturu yana tsaga itace. Don haka ɗakin ajiya ya zama mai shan iska, marar yoyo, wanda rana ba ta faɗa wa kayan kai tsaye, ba kusa da murhu ba. Kada bindiga ta taɓa ƙasa ko bangon laka, nan gara ke bi. A kafa katako nesa da bango, a kwantar da ita a kan turaku biyu da aka naɗe da farin ƙyalle. Kada a ƙunshe ta a leda, kada a toshe bakinta da tsumma. In an ga garin itace a ƙarƙashinta, ƙwaro ya shiga. A ware ta daga sauran, a nemi shawarar gidan tarihi. A duba duka sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke. Ƙofa ta zama mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya gun hakimi, ɗaya gun wanda Majalisa ta naɗa.

Littafin malami

Kowace bindiga a ba ta shafi guda da lamba. Lambar a rubuta ta a 'yar takarda mai kauri a ɗaura da zare, kada a sassaƙa ta a jikin ƙarfe ko itace. A shafin a rubuta gari da gidan da take, da tsawonta, da irin ɗurinta, da haruffan jikinta, da raunin da ke gare ta. Sa'an nan a zo ga abin da ya fi duka: wa ya fara riƙe ta, a ina ya same ta, wane yaƙi ta je, hannun wa da wa ta bi har ta iso yau, wa ya faɗi wannan, shi kuma daga wa ya ji. In an sami ruwaya biyu a rubuta duka. In akwai kirarin bindigar ko na mai ita, a rubuta shi yadda aka faɗa. In an sami wasiƙa ko takardar sallama ta soja ko lambar yabo tare da ita, kada a raba su. Tsofaffin mata na gidan sukan san abin da maza suka manta, a aika wadda za ta tambaye su. A ɗauki hoton gefe biyu da na kowane hatimi, ko da wayar hannu ne, amma a buga shi a takarda a liƙa.

A yi kwafi uku: ɗaya ya zauna ofishin hakimi, ɗaya ya tafi fada, ɗaya ga gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano, ko na Kaduna, ko na Jos, ko gidan tarihin Kanta a Argungu. Wannan takarda ita za ta tsaya wa bindigar in an sace ta, ko in wata rana an zo tattara makamai domin a lalata, a iya nuna cewa wannan ta tarihi ce a nemi a kai ta gidan tarihi. Ita za ta tsaya mata kuma ranar rabon gado, gama a nan yawanci ake sayar da irin waɗannan kaya da kuɗi kaɗan don a sami abin rabawa.

Kada a tilasta wa kowa ya ba da kayan gidansu. In dai doka ta yarda ya riƙe, kuma yana da wurin ajiya, a rubuta a bar masa. Wanda ya ga ba zai iya ba, a nuna masa hanya biyu, kyauta ko aro, kowacce da rasiɗi mai sa hannun shaidu, da sharaɗin a rubuta sunan kakansa a jikin allon da za a kafa kusa da ita. Hakimi ya fara da gidansa da gidajen masu sarautar yaƙi, domin talakawa su ga ba kwace ake nufi ba. Gundumar da dattawanta suka fi tsufa, da ita ya kamata malami ya fara, tun kafin damina mai zuwa.